Wajen Hajiya mai kifi a Argungu, abinci ya yi amma ka zo da haƙuri da tsabar kuɗi

Tunda na dawo daga Argungu mutane ke ta damuna a waya wai ina ne wurin da na ci kifin nan da na sa hotonsa a status, har wani abokina ya ce ƙarya nake daga intanet na sauko da hoton. To bari in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta in huta. Wurin dai ba shi da allo balle suna, kowa "wajen Hajiya" kawai yake cewa, kuma ba a bakin kwalta yake ba, sai ka saki titi ka bi wani lungu ta ɓangaren da gari ke gangarawa fadama. Ni kaina in aka ce in koma da daddare ni kaɗai sai na ɓata. Ka tari ɗan kabu-kabu, su can ba sa cewa acaɓa, ka ce masa wajen Hajiya mai kihi. In ka ce kifi ma zai gane, amma zai san baƙo ya ɗauko kuma kuɗin zai ƙaru.

Ni sayen shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, ya kai ni. Ina da ɗan injin casar shinkafa a wajen Kura, kuma shekara kusan shida kenan akwai wani bawan Allah Bakabe da yake tara min kaya, mun fi yin magana a waya, wannan ne ma karo na biyu da na taka garinsu. Mun wuni tsakanin fadama da wajen masu awo ƙura ta cika min hanci, da la'asar ya ce ba zan bar garin ban ga gidan tarihi na Kanta ba, muka leƙa muka ga kaburburan sarakunan Kabi da tsoffin makamai da homa da manyan goruna irin na masunta. Bayan magariba ya ce "Alhaji tashi mu tai ka ci abincin mutane, kwana biyu kana cin Indomie a hotal kamar ɗan makaranta."

Gida ne kawai. Ka shiga zaure ka faɗa tsakar gida, an kafa rumfar zana an shimfiɗa tabarmi huɗu ko biyar, ga benci biyu da tebur guda mai rawa wanda ba wanda ya kula shi. Murhu uku na itace a gefe, ƙwan sola ɗaya rataye a jikin azara, buta da sabulu a bakin rariya. Ba wata takardar jerin abinci, Hajiya ce da bakinta za ta faɗa maka abin da ke akwai, tana zaune kan kujera 'yar tsuguno da muciya a hannu. Da na gaishe ta sai ta dube ni ta ce "Bakano ne ko? Mi kaka so ɗana? Akwai tuwon shinkahwa, akwai miyar sure, akwai giwan ruwa yau anka kamo ta, amma sai ka yi hanƙuri, mu ba mu aje kihi cikin tukunya shina jiran mutane." Na ɗauka irin maganar masu abinci ce, ashe da gaske take, sai da muka yi kusan awa ɗaya cur muna jira, har aka kira isha muka fita muka yi muka dawo ba a sauke ba. In kana da uzuri ko yunwa ta riga ta ci ka, wlh ka fara tauna wani abu kafin ka zo.

A wannan jiran ne hira ta ɓarke, kuma gsky rabin abin da ya sa nake wannan rubutun ita ce. A tabarmarmu akwai wani dattijo tsohon hedimasta, Ba'are ne mutumin Kangiwa, kowa Baba Malam yake ce masa, sai wani direban babbar mota Bazabarme daga Gaya ta Nijar, abokin mai masaukina ne, sai kuma ɗan Hajiya da ke kai-kawo da kwanoni waya na hannunsa ba ya ajiye ta. Ni na fara jawo magana da rashin sani, da na ji direban ya ce daga Gaya yake sai na ce to ku mutanen Nijar ya kuke ji da sojojinku. Kafin ya buɗe baki Baba Malam ya ce "ɗana wace Nijar? Ni da kaka gani wan ubana a Dogon Dutsi yake kwance, ɗiyanshi na can, ni ina nan, to cikinmu wa ab baƙo?" Na yi dariya na ce Baba a yi haƙuri, ya ce ba laifina ba ne laifin taswirar da aka koya mana a firamare ne, kuma shi da hannunsa ya shekara talatin yana zana ta a allo.

Direban kuwa bai ji haushi ba, ya ce shi in za a yi zance a fara daga kuran. Na ce wane kura kuma, aka kwashe da dariya, ashe wutar lantarki suke ce wa kuran, daga Faransanci. Ya ce sojoji sun kifar da Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023, ba a yi sati biyu ba "kunka ɗauke muna kuran, kunka ruhe boda", alhali shi da ke Gaya ba wanda ya shawarce shi kafin a yi juyin mulkin. A lokacin matarsa 'yar Kamba ce ta tafi gida haihuwa, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a mota, sai ga shi ranar suna ta daji ya bi a bayan kabu-kabu da ragonsa ɗaure a cinya kamar ɓarawo, ya biya kuɗi a shinge ya fi uku. Yana faɗa yana dariya amma ka san abin bai bar ransa ba. Sai watan Maris na 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren bayan ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairu, shi kuma Sediyawo yake ce mata, sai da na ɗan yi jim kafin na gane abu ɗaya muke nufi.

Baba Malam ya karɓe. Ya ce wayar da ke kai wuta Yamai daga nan Birnin Kebbi ta tashi ta bi ta Dosso, kuma kafin rigimar kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga wajenmu take zuwa. Ya ce mutane na ɗauka kyauta ce ko tausayi, alhali Kwara, babban kogin nan, sai ta ratsa Nijar kafin ta shigo Najeriya ta nan jihar Kabi, in suka datse ta a sama to Kainji da aka gama tun 1968 ruwan wa za ta sha? A fahimtarsa shi ya sa aka ce ku bar ruwa ya wuce mu sayar muku da wuta, ranar da muka yanke kuwa mun ba su hujjar su ƙara ƙaimi kan nasu dam ɗin na Kandaji. Sai ya ɗaga kai ya nuna ƙwan solar Hajiya da sandarsa ya ce "kuma mu da wayar ke bi bisa kanmu ga abin da muke gani da shi." Hajiya daga bakin murhu ta ce a bar mata solarta, ita ba ta taɓa kawo mata bil ba.

Abin da ya ban mamaki, wanda ya fi kowa zafi a kan Janar Tiani da ya jagoranci juyin mulkin ba ɗan Nijar ɗin ba ne, ɗan Hajiya ne. Yaron ya ajiye kwanon wanke hannu ya tsaya a kanmu, shi fa namijin duniya kenan, ya kori sojan Faransa kafin ƙarshen 2023, ya sa Amurka ta kwashe nata daga Agadas a 2024, yuraniyom ɗin Arlit da aka shekara da shekaru ana kwasa yanzu ya ce a tsaya, ina ma mu samu irinsa. Duk daga TikTok, har yana neman nuna mana bidiyo. Direban ya bar shi ya gama tsaf sannan ya ce korar Faransa kam ko shi ya yi murna, ranar har hon ya dinga dannawa a Gaya, domin raini ya yi yawa. Sai ya sa hannu a aljihu ya zaro takardar jikka biyar ya ce "amma ƙanena duba, har yau sefa ce." Ya ce shi da hanyar Kwatano ya dogara, daga tashar jirgin ruwa ya ɗauko kaya ya haye gadar Malanbil ya shigo Gaya, yanzu gwamnatinsu ta ƙi buɗe wannan gadar saboda rigimarta da Benin, manyan motoci sai su zagaya ta Lome su ratso Burkina da rakiyar soja, tafiyar kwanaki ta koma ta makonni, ƙananan kaya kuma a kwale-kwale ake tsallakar da su. Shi ya sa ma yake nan yana ɗaukar lodin shinkafa da albasa a Najeriya. Yaron ya ce ai 'yanci sai da wahala, direban ya ce "awo, sai dai kai kana nan kana cin tuwon Inna ni nike biyan kuɗin 'yancin."

Ni dai nan na yi shiru don ina da nawa laifin. Lokacin da Buhari ya rufe boda a Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020 ina cikin masu murna, a lokacin na ƙara inji na biyu. Mai masaukina ya san haka, sai ya tona ni a gaban mutane, wai ga wanda ke addu'ar kar a buɗe. Na ce ai ku ma kun ci, a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da bashin manoma na Anchor Borrowers a 2015, ku kuka yi Lake Rice da Legas a 2016, ga katafaren kamfanin casa a garinku, wa ya kai ku cin moriyar shinkafa. Ya ce sun ci kam ba musu, amma ambaliyar 2020 ta zo ta shafe fadama, ana farfaɗowa aka cire tallafin mai a 2023, shi kuma noman rani da injin ban ruwa yake yi, fetur ɗin da yake saya ƙasa da naira 200 ya zo ya haura 1,000, mai hali ya koma sola marar hali ya rage gona. Ana cikin haka a 2024 gwamnati ta ɗage harajin shigo da abinci na kwana 150, farashin shanshera ya zo ya karye, kuɗin taki kuma bai sauko ba. Direban ya sa baki ya ce abin da ke ba shi dariya shi ne yadda muke cewa shinkafar Nijar ko ta Benin, su ba su noma ta ba, daga Tailan da Indiya take sauka Kwatano, su dako kawai suke yi. Wato mu huɗu a tabarma ɗaya, abin da ya yi wa ɗaya daɗi shi ya karya ɗaya, kuma ba wanda ya ɗaga wa wani murya.

Ana haka aka kawo abinci, kuma a nan hira ta mutu na kusan minti goma.

Tire ɗaya babba aka ajiye mana, ba wanda ya tambaye ni ko ina son nawa daban, ba cokali kuma sai ka roƙa. Tuwon shinkafar na 'yar gida ce sabuwar casa, ba fari fat ba ne kamar na buhun kanti, yana da ɗan duhu da wani ƙamshi da ni mai sana'ar shinkafa na san ba a samunsa in ta kwana biyu a sito, ya tuƙu ya yi laushi ba gudaji ko ɗaya. Miyar sure ita ce yakuwa a wajenmu, amma tasu ta fi tamu tsami kuma ba ta cika ruwa ba, an sa mata busasshiyar tarwaɗa da aka ɓare ta narke a ciki, da daddawa, da man shanu da aka zuba a kai yana walƙiya. Loma ta farko tsamin ya ɗan doke ni, ta uku na daina magana.

Amma giwan ruwan ita ce zance. Farfesu aka yi, gunduwa manya guda biyar a kwanon sha, romon ba mai yawa ba, ba tumatirin gwangwani ba kori ba tarkace, tarugu ne da citta da masoro da albasa mai yawa wadda Hajiya ta ce 'yar Aliero ce ita ba ta sayen wata. Naman fari sol yana ɓarewa fala-fala kamar ka buɗe littafi, ba ƙarni ko kaɗan, ba kuma ƙananan ƙayoyi sai babbar ta tsakiya da za ka zare ka ajiye. Ni da na saba da kifin firij na kwali, wanda sai an dafe shi da kayan ƙamshi kafin ya ciwu, sai na ji kamar ban taɓa cin kifi ba. Mai masaukina yana kallona yana murmushi wai "ku Kanawa kihin da ya mutu tun bara kuka ci." Ban musa ba bakina a cike yake. Yajin dai ya yi yawa ga wanda bai saba ba, hancina har zuba yake, in kana da olsa ka faɗa mata tun kafin ta ɗora.

An ƙaro soyayyar karfasa guda uku da garin yaji da yankakkiyar albasa. Ta soyu ƙarau har kan ana taunewa, sai dai gishiri ya ɗan zarce kuma karfasa kun san ta da ƙaya, ga haske ba isasshe ba, sai da na kunna fitilar waya ina tsinta kamar mai neman allura. Soborodon da aka kawo, zoɓo kenan, sukari ya kashe shi kuma ba sanyi, rabi na sha na bari. Ruwan leda ma ɗumi gare shi. Da na sani fura zan ce a kawo don na ga ta tabarmar kusa da mu ta yi kyau.

Da ciki ya ɗauka Baba Malam ya dawo da zance, shi irin mutanen nan ne da in suka fara tarihi sai dai ka gyara zama. Ya ce wannan Bazabarmen da nake kira baƙo kakanninsa da na Kabawa tare suka yi yaƙi, domin bayan masu jihadi sun ci Birnin Kebbi a 1805 Kabawa suka dawo nan Argungu, da Yakubu Nabame ya ɗaga tutar tawaye a 1849 Zabarmawa da Arawa da Dandawa ne suka mara masa baya, aka yi ta gwabzawa da Gwandu da Sakkwato shekara da shekaru. Ya ce tun kafin nan ma Kanta da ya gina Surame ikonsa bai san wani layi ba. Layin Turawa ne suka zauna a ƙasarsu suka ja, a 1898 har cewa suka yi a auna mil 100 daga Sakkwato a zagaya kamar da bakin ƙwarya, abin da ke ciki na Ingila na waje na Faransa, daga baya suka sake gyarawa don Faransawa sun rasa hanya mai rijiyoyi. Haka aka raba ƙasar Arawa biyu, haka Dole Kaina ta zama gari ɗaya ƙasa biyu. Na ce to Baba bikin kamun kifin fa, ya ce ai shi ma siyasa ce ta haife shi, a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya zo Argungu bayan tsohuwar gaba, aka rasa irin tarbar da za a yi masa sai aka shiga kogin Matan Fada aka kamo masa kifi. Sai ya nuna ƙashin giwan ruwan da ke gabana ya ce ka ga kai ma abin da aka yi maka kenan. Ya ce shi ya sa lokacin da ake zancen tura soja Nijar a 2023 ba wanda ya yi barci a nan, jihohi bakwai ke da iyaka da su, sanatocin Arewa suka ƙi, aka tura Abdulsalami da Sarkin Musulmi, malamai ma suka je, don kowa ya san in aka harba bindiga a Dosso a Kamba za a yi zaman makoki.

Na tambayi direban batun da na gani a labarai, cewa a 2025 gwamnatinsu ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa Faransanci ya koma na aiki kawai, na ɗauka zai yi murna tunda Hausarsa ta fi tawa ma daɗi. Ya ɗan yi shiru ya ce shi ba ya ƙin Hausa, da ita yake ci da ita ya yi aure, amma tsohuwarsa a ƙauye Zabarmanci kaɗai take ji, kuma akwai 'yan'uwansa da abin bai kwanta musu ba. Ban taɓa kawo wannan a raina ba wlh, mu nan tafi kawai muka yi a Facebook. Baba Malam ya ce in dai za su gyara harshe to su fara da daina kiran malamin makaranta mushe, shi da ya je Dogon Dutsi ɗaurin aure aka gabatar da shi wai ga mushe daga Najeriya, saura kaɗan ya juyo gida. Aka yi ta dariya har Hajiya. Direban ya rama da cewa mu kuma da muke ce wa duwan kwastan, sunan ne kawai ya bambanta hannun duk iri ɗaya ne. Na tambaye shi to tunda sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025 da wace takarda yake shigowa, ya ce da wadda ya saba, ba abin da ya canza a shinge sai kuɗin goro.

Wuri ɗaya ne hirar ta yi tsami. Yaron ya kawo zancen hirar da Tiani ya yi da Hausa a Disambar 2024 inda ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa, na ce ai Ribadu ya fito ya ƙaryata, daga nan wani a tabarmar gefe ya ambaci Lakurawa da harin da suka kai Mera, wadda ba ta da nisa da nan. Sai na ga kowa ya rage murya, mai masaukina ya waiga wajen zaure. Hajiya ta buga muciya a bakin tukunya ta ce "wanga zance ba a gidana ba, ku ci ku yi hamdala." Shi kenan aka bar shi. Ni ma shawarar da zan ba baƙo kenan, ka yi zancen Faransa da Rasha da shinkafa yadda ka ga dama, wannan ɗayan in ba su suka fara ba kar ka fara, in sun fara ma ka saurara kawai.

Direban ne ya gyara zaman, ya aiki yaron ya ɗauko masa 'yar butar shayi da gawayi daga mota, ya dafa mana irin nasu mai kumfa a ƙananan kofuna, zagaye uku, na farko ɗaci kamar maɗaci na ƙarshe zaƙi. Wannan ba ya cikin abin da Hajiya ke sayarwa kar wani ya je ya ce na ce akwai shayi. Ranar ban runtsa ba sai wajen ƙarfe biyu.

Wajen biya kuwa kokawa aka yi, na zaro waya zan yi tiransifa mai masaukina ya riƙe min hannu wai in na biya ya daina sayar min da shanshera, direban ma ya miƙe da sefarsa, ƙarshe ban san wa ya biya ba. Don haka washegari da rana na koma ni kaɗai don in san farashi in kuma ƙara cin giwan ruwan kafin in kama hanya, kuma a nan na ga ɗaya fuskar wurin. Hajiya ba ta nan ta tafi sayen kifi, yara mata biyu ne a murhu, tuwon ya huce, farfesun kuma na tarwaɗa ne da na tabbata ɗumamen jiya ne duk da sun ce ba haka ba, kuma ƙudaje sun yi yawa a rumfar. Naira 4,500 suka karɓa tuwo da farfesu da ruwa, ba tsada in aka kwatanta da Kano amma wannan kwanon bai ci kuɗinsa ba. Ba POS, na yi tiransifa ta maƙale netwok ba kyau a lungun, sai da na taka har bakin titi na ciro kuɗi na dawo, yarinyar kuma ta biyo ni a baya kamar zan gudu.

Sauran abubuwan da ya kamata ka sani, sauro na nan da daddare kamar an aiko su tunda fadama na kusa, ka sa safa ko doguwar riga. Hayaƙin itace zai kama maka kaya. Banɗakin na gargajiya ne kuma ba fitila, in za ka iya riƙewa ka riƙe. Mota ba ta shiga lungun sai ka ajiye ta a bakin titi. In da iyali za ka je akwai ɗaki a ciki da mata ke zama, na ga ana kai kwanoni, amma ban shiga ba balle in ce ga yadda yake.

In za a ba da maki, abincin dare tara cikin goma, ɗayan na cire saboda soborodo da gishirin karfasa, na rana kuwa huɗu ma na yi kara. Ka je tsakanin magariba da isha, ka tabbatar Hajiya da kanta ce a bakin murhu, ka tambaya ko akwai giwan ruwa tun kafin ka cire takalmi don ba kullum ake samu ba, kuma kar ka nemi tabarmarka kai kaɗai, inda ka ga dattijai ka yi sallama ka zauna. Da zan taho na saya busasshiyar tarwaɗa a wajenta aka naɗe min a takardar siminti, har yau but ɗin motar da na hau na san yana wari, uwargida ta yi miyar yakuwa da ita jiya ta yi daɗi amma ba ta kamo ta Hajiya ba, ban dai faɗa mata ba. Lodin shansherata kuma direban nan Bazabarme ne ya kawo min shi har Kura, ya ce in gaya wa Kanawa kuɗin shinge daga Argungu zuwa nan ya fi na Gaya zuwa Yamai.